Gona da tarakta ko ƙaramin gida a gefen Jos? Ku ba ni shawara

Baba na Jengre:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in kawo ta nan tunda cikinmu akwai manoma, akwai makanikai, akwai masana doka. Bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati na tattara na koma gonata a wajen Jengre. Hekta 12 ce, da gida a ciki, da sito, da rijiya, da mangwaro da gwaiba da na dasa da hannuna. Masara da waken suya muke yi, sai 'yar shinkafa a gefen fadama. Ina da tarakta Massey Ferguson 375, da garma da haro da rija da tirela.

Yanzu shekarata 68. Gwiwa ta fara hana ni sakat, uwargida kuma tana fama da ciwon suga da hawan jini, kowane wata sai mun shigo Jos ganin likita. Yara sun watse, biyu suna Abuja, ɗaya na Kaduna, mace ɗaya tana aure a Bukuru, kuma babu mai sha'awar noma a cikinsu. Sun haɗa baki sun ce in sayar da komai, in sayi gida mai ɗaki uku a gefen gari kusa da asibiti. Na san gaskiya suka faɗa. Amma duk yammar da na zagaya gonar nan sai in ji ba zan iya ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan ƙaura, ko ya ga iyayensa sun yi, don Allah ya faɗa mini yadda ta kasance. Me zan fara sayarwa, me zan riƙe, kuma ina zan nufa?

Matashin Manomi:
Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Don girman Allah kada ka sayar da gonar nan. Mu muna nan muna bin dagatai muna roƙon hayar hekta ɗaya, kai kana da 12 da fadama a ciki ka ce za ka rabu da ita? Ƙasa ba ta ƙaruwa, mutane ne ke ƙaruwa. Kuɗin da za a ba ka yau, nan da 'yan shekaru ba zai sayi rabinta ba. Duk wanda ya ajiye naira a banki kafin 2023 ya ga abin da ya same ta. Gidan cikin gari kuwa ba ya haifar da buhu ko ɗaya, sai dai ya ci: kuɗin wuta, kuɗin ruwa, kuɗin shara, kuɗin 'yan sintiri.

Makaniken Tarakta:
Alhaji, ni a kan ƙarfen zan yi magana, don nan ne sana'ata. Raba maganar gida biyu. Gona daban, tarakta daban. Gona idan ka bar ta shekara biyu ba a taɓa ba, hutawa ta yi. Tarakta idan ka bar ta shekara biyu ba a taɓa ba, mutuwa take yi a tsaye. Batir ya mutu, tayoyi su tsattsage saboda rana, robobin haidirolik su bushe su fara yoyo, ruwa ya taru a tankin gas ya lalata nozul, ɓeraye su cinye wayoyi. Saboda haka in dai ka san ba za ka riƙa tsayawa a kanta da kanka ba, ita ce farkon abin sayarwa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ka bar ta a hannun direba tana haya tana kawo maka kuɗi kana zaune a Jos. Na ga wannan a gareji ba sau ɗaya ba. Direba zai yi hekta biyar ya ce uku ya yi. Baƙin mai ya wuce lokacin canji ba a canja ba, sai ranar da inji ya buga a kira ka a ce ka turo kuɗin ringi da fistin. Ba ina cewa duk direbobi haka suke ba, akwai masu amana, amma ko mai amana ba ya jin ƙarar inji yadda mai abu ke ji. Ga shi man gas dama babu tallafi a kansa, tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi, da aka saki darajar naira a 2023 kayan gyara suka bi bayansa. Tayar baya guda ɗaya yanzu sai mutum ya yi shiri.

Abin da ya taimake ka shi ne 375 ce. Injin Perkins ne a cikinta, kowane makanike daga nan har Saminaka ya san cikinta, kayanta kuma ba sa wuyar samu. Irinta ba ta kwantai. Lokacin sayarwa shi ne bazara, watan Maris zuwa Afrilu, sa'ad da kowa ke neman abin huɗa kafin ruwa ya zauna. Idan ka kai kaka, masu saye za su taya ta kamar suna yi maka alfarma. Ka canja mai da filta, ka wanke ta, ka bar mai saye ya tashe ta da sanyin safiya da hannunsa, ya ga hayaƙin, ya ɗaga garma ya bar ta a sama ya ga ko za ta sauka da kanta. Kuma ka yi wa kowane kaya kuɗinsa daban. Garma, haro, rija, tirela, idan ka haɗa su da tarakta a ciniki ɗaya, kyauta ka ba da su.

Baba na Jengre:
Na gode, Malam. Maganar direba ta taɓa ni, don yaron da ke tuƙa mini ya daɗe tare da ni, ni na yi masa aure. Ina tunanin makomarsa shi ma.

Maman Tagwaye:
Baba, ina wuni. Ni tambaya ɗaya gare ni kafin komai: me Hajiya ta ce? Duk maganar da aka yi zuwa yanzu ta gona ce da ta ƙarfe, alhali ita ce marar lafiyar. Ina faɗar haka ne don mun yi wannan da iyayena. Daga wajen Toro muka dawo da su cikin Jos, kuma abin da na gani shi ne mahaifiyata ta samu sauƙi ta wani ɓangare, ta sha wuya ta wani ɓangaren da ba wanda ya yi tunaninsa.

Sauƙin a fili yake. Ciwo ya tashi da dare, keke ɗaya ka isa asibiti. Magani yana kusa. Makwabta suna leƙowa. Ta koma makarantar Islamiyya ta matan aure, abin da ta yi shekaru tana buri.

Wuyar kuwa ita ce mudu. Matar da ta saba ta buɗe sito ta ɗebi masara a kwarya ta aika wa makwabciya ba tare da ta ƙirga ba, ranar farko da aka ce ta aika kasuwar Katako a auno mata mudu uku, wallahi sai da ta yi hawaye. Ba don babu kuɗin ba. Kyautar da ta saba yi ce ta yanke. Baƙo ya zo daga ƙauye ba ta da abin ɗaura masa a bayan mota. Kaji ma sai da aka rage, don makwabci ya yi ƙorafin suna shiga masa gida. Itace ya zama na saye, gas ɗin girki kuma tana tsoronsa, sai da aka daɗe kafin ta yarda ta kunna da kanta.

Saboda haka in za ku dawo, ku bar wata hanya da hatsi zai riƙa shigowa gidan da sunanku, ko buhu goma ne a shekara. Kuma a nemi gida mai ɗaki ɗaya da za a mayar sito, kada duk ɗakunan su zama na kwana.

'Yar Abuja:
Ni ina bayan yaran Baba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mai cewa kada a sayar ba shi ne ake kira da ƙarfe biyun dare a ce Mama ta faɗi, babu mota, hanya ba ta biyuwa sai gari ya waye ba. Mu da iyayenmu ke nesa mun san yadda gaba ke faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara da dare. Ga halin da ake ciki na tsaro. Dattijo mai tarakta da sito cike da masara, zaune a gidan da babu makwabci kusa, kowa a yankin ya san yana da 'ya'ya masu albashi a Abuja. Ba fata nake yi ba, Allah ya tsare, amma wannan lissafin miyagu ma suna yin sa. Gona dukiya ce, na yarda. Ran Baba da na Mama sun fi ta.

Matashin Manomi:
Yaya, ban ce ya ci gaba da kwana a can ba. Cewa na yi kada ya sayar. Amma ku 'yan birni haka kuke, ku tattara iyaye ku ajiye su a ɗaki da talabijin, mutumin da ya saba tashi da asuba ya zagaya gona, shekara biyu ku ga ya tsufa tuɓus. Sannan idan albashi ya daina isa ku dawo kuna neman gonar gado, an riga an sayar.

'Yar Abuja:
"Ku 'yan birni" kuma? Ni ma a gona na tashi, na san zafin fartanya.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, dattijo ne ya kawo magana. A ba shi shawara, a bar jifan juna.

Matashin Manomi:
A yi haƙuri, Yaya. Zafin abin ne.

Ɗan Bokkos:
Baba, sannu da ƙoƙari. Mu a wajenmu dankalin Turawa ne, amma ciwon iri ɗaya ne. Babana ya bar ƙauye ya dawo Jos bayan tashin hankalin da aka yi a yankinmu a ƙarshen 2023, ba don ya shirya ba. Shi ya sa nake ganin kai kana da gata: kana da lokacin da za ka zauna ka tsara. Wanda ya sayar a guje, abin da aka taya shi yake karɓa.

Mu ba mu sayar ba, haya muka bayar, kuma ga abin da muka koya. Kada ka ba mutum ɗaya duka. Ka raba wa mutum uku ko huɗu 'yan garin, waɗanda iyayensu da gidajensu kowa ya sani. Shekara ɗaya ɗaya, a sabunta kowace bazara a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuce, kowa ya sa hannu. Kuɗi kafin shuka. A rubuta cewa ba a dasa itace, ba a gini, ba a sare wanda ke tsaye. Dalili shi ne wanda ya yi shekara bakwai yana noma wuri ba takarda, ranar da mai wurin ya kwanta dama 'ya'yansa za su ji ana cewa ai sayar masa aka yi.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, kuɗin haya ba zai saya maka gida ba. Ba zai ma riƙe gida ba. Kuma mai haya ba ya zuba takin gargajiya a ƙasar da ba tasa ba, zai watsa na zamani ya kwashe amfaninsa ya tafi, ƙasar tana gajiya a hankali. Ka sa a yarjejeniya cewa bayan masara sai waken suya, kada a maimaita masara a wuri ɗaya kullum.

Wani abu kuma da Matashi bai faɗa ba. Noman ma yanzu ba tabbas. Dubi 2025, masara ta faɗi warwas a kasuwa, taki bai sauko ba, mutane da yawa ba su mayar da abin da suka zuba ba. Ga tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar tun 2016, kowace damina sai an yi ta feshi. Saurayi zai jure shekara ɗaya ta asara ya rama a ta gaba. Mai shekara 68 da kuɗin fansho, wannan jurewar ba tasa ba ce.

Lauyan Zaure:
Ranka ya daɗe, kafin a kai ga sayarwa ko haya, wace takarda ce a hannunka a kan gonar? Yawancin gonakinmu takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Tana da amfani a matsayin shaida, amma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya a kansa. Ka kira safiyo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, makwabtan gona suna tsaye suna gani. Sau da yawa mutum yana cewa hekta 12, a auna a samu 10 ko 13. Mai saye da gaske zai fi sakin kuɗi idan ya ga taswira. Idan kuma yanka za ka yi, ka sayar da wani ɓangare ka riƙe wani, dole a fitar da hanyar shiga tun yanzu a kan takarda. Na ga wanda ya sayar da bakin titi ya riƙe ciki, daga baya sai da roƙo yake shiga gonarsa.

Ta ɓangaren gidan Jos nan ne ya fi buƙatar buɗe ido. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an je PLAGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filaye na jihar Filato, an bincika lambar filin, an ga sunan wa ke kai, an ga ba a jinginar da takardar a banki ba. Idan gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, canja suna yana buƙatar amincewar gwamna, wannan ma doka ce, kuma akwai kuɗin da ake biya, ka sa shi cikin lissafi. A duba ko JMDB, hukumar da ke kula da tsarin gine-ginen Jos, ta amince da ginin. Idan gidan gado ne, kuma gidaje da yawa da ake sayarwa a Jos na gado ne, kada ka yi ciniki da babban ɗa shi kaɗai. Ko dai takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada su sa hannu, har da mata da waɗanda ke wani gari. Biya ta banki, kada ka ɗauki kuɗi a jaka.

Tsarin da nake ba mutane kullum: ka fara samun gidan da kake so, a gama bincikensa, sannan ka saki gona. Wanda ya sayar da gona ya zauna da kuɗi yana neman gida, kafin ya samu 'yan uwa sun ji labari, buƙatu sun taso, farashi ya motsa.

Malamin Islamiyya:
Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙarin bayani kaɗan a kan abin da Lauya da ɗan'uwanmu na Bokkos suka faɗa. Dukiyarka ce, kana da rai da hankali, babu ɗan da ke da haƙƙi a cikinta yanzu, gado sai bayan rai. Sayarwa halal ce, riƙewa halal ce. Amma idan ka yi niyyar ba yara wani ɓangare tun kana raye, wannan kyauta ce, kuma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Faɗa da baki kawai, gonar tana hannunka har ka rasu, to ta koma gado. Kuma a yi adalci tsakaninsu, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan haka yake. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji.

Maganar haya, ka karɓi kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun hana ba da hayar ƙasa da abincin da take fitarwa, wato a ce ka noma ka ba ni buhu kaza. In kana son hatsi ya shigo gida kamar yadda Maman Tagwaye ta ce, ka karɓi kuɗin haya ka sayi masara da kaka lokacin da take araha, ko ka ware wani yanki a noma maka da 'yan ƙwadago. Idan kuma kuɗin ciniki ya yi saura a hannu, ya kai nisabi, shekara ta zagayo, akwai zakka, ɗaya bisa arba'in. Ka yi istihara, ka kuma zauna da Hajiya.

Dillalin Filaye:
Baba, ni dillali ne, la'ada nake ci, amma zan faɗa maka tsakani da Allah. Mutanen da suka fito daga gona kuskurensu ɗaya: suna kallon ɗakuna, ba sa kallon tsakar gida. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, sai ka jera fiye da 20 kafin ka cika hekta ɗaya. Kai da ka saba da 12, ka ga inda za a sa ka. Yawancin masu gini yanzu suna cinye filin da gini, su shafe sauran da siminti. Irin wannan gidan ba naka ba ne. Nemi wanda aka bar ƙasa a bayansa, ko da ɗakunan sun fi ƙanƙanta.

Ruwa shi ne na biyu. Jos dutse ce. Akwai unguwar da za ka haƙa rijiya ka samu ruwa kusa, akwai wadda injin burtsatse zai yi ta nika dutse a tashi babu komai. Ka je duba gida a watan Maris, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, ka leƙa da idonka, ka tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da kura a layin. Sannan ka koma a watan Agusta ka ga inda ruwan sama ke bi. Duk wanda ke Jos a Yulin 2012 ya tuna abin da ambaliya ta yi a Rikkos da Gangare. Gidan bakin rafi kome arharsa ka bar shi. Ta wajen Bukuru da Rayfield kuma a kula da tsofaffin ramukan kuza, wani filin cike shi aka yi.

Na uku, kowa a nan ya sani ko ba a faɗa ba. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, zaman Jos ya rarrabu, mutum yana duba inda hankalinsa zai kwanta da inda wurin ibadarsa ke kusa. Allah ya dawo mana da zaman da. Amma ka yi la'akari da shi.

Ni da za ka ji tawa, ka duba ɓangaren unguwar Mista Ali ko wani wuri a kan hanyar Zariya. Hanyar gonarka ce kai tsaye, ba sai ka ratsa cunkoson Terminus ba, kasuwar Farin Gada kuma tana kusa don cefane. Ka yi sallar asuba ka tafi gona, la'asar tana yi kana gida.

Lauyan Zaure:
A lura, Mista Ali a ƙaramar hukumar Bassa take, filaye da yawa a can daga hannun iyalai ake saye. Binciken da na faɗa ya ƙara zama dole.

Kaka ta Bukuru:
Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa. Alhaji, ni sa'arka ce, kuma na riga ka yin wannan tafiya, da ni da marigayi maigidana. Shi ya sayar da komai rana ɗaya, gona da shanun huɗa da amalanke. Wata uku na farko ya ji daɗi, yana barci, yana zuwa jam'i sau biyar. Daga nan sai ya fara tsayawa a ƙofar gida duk ranar da hadari ya haɗu, yana kallon gabas, yana cewa yau da shuka za a yi. Ba shi da inda zai je. Abin da ya cece shi shi ne wani kango a bayanmu da mai shi ya ba shi aro. Ya samo fartanya, ya yi kunya shida, ya sa kabeji da karas da latas da alayyafo. Sanyin Jos yana son waɗannan. Ya jera buhunan siminti a gindin katanga ya cika da ƙasa da kashin kaji, tumatir da attaruhu suka yi ta zuba har muna ba makwabta. Da safe za ka same shi durƙushe yana tsince ciyawa da yatsu, carbi a wuya. Likita ma ya ce wannan motsin ya fi masa zama.

Kuma maganar kaya. Ku fara rabarwa tun yanzu, kada ku bari sai mota ta zo. Manyan tukwanen biki, turmi biyu, tsofaffin gadaje, buhunan da babu komai ciki, ƙarafan da kuke cewa wata rana za su yi amfani. Hajiya ta zaɓa da kanta, kada yara su zaɓa mata. Abin da ta ba da da hannunta ba zai dame ta ba. Wanda aka zubar ba ta sani ba, har abada tana cigiyarsa.

Matashin Manomi:
Kaka ta faɗi abin da na kasa faɗa da kyau.

Baba na Jengre:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, na karanta duka, wasu har sau biyu. Maman Tagwaye, na bi maganarki na zauna da Hajiya jiya bayan isha'i. Ashe ita ta daɗe tana son dawowa, ta yi shiru ne don ta ga ina son wurin. Abin da ta roƙa biyu ne: kada a yi nisa da 'yarta ta Bukuru fiye da yadda za ta iya zuwa ta koma a wuni, kuma a tafi mata da tumakinta biyu da turminta.

Ga inda na tsaya. Tarakta da kayanta za su tafi a bazarar nan, kowanne da kuɗinsa kamar yadda Makanike ya ce. Zan kira safiyo ya auna gonar. Ɓangaren tudu da ke kusa da titi, wajen hekta 7, shi zan sayar in haɗa da kuɗin tarakta in sayi gida, amma sai an samu gidan an gama bincike. Fadama da inda itatuwa suke da gidan gona zan riƙe, da hanyar shiga a rubuce. Yaron da ke tuƙa mini zai zauna a gidan da iyalinsa, in ba shi hekta 2 haya da kuɗi mai sauƙi, a rubuce a gaban mai unguwa, sauran a noma mini abin da za mu ci. Huɗa kuma in ta zo sai in yi hayar tarakta kamar kowa. Yaran Abuja ba su ji daɗin cewa na riƙe wani abu ba, sun ce zan riƙa zarya a hanya. Na ce musu ba zan ƙara kwana a can ba, wannan alkawari ne.

'Yar Abuja:
In dai ba kwana, Baba, ni ma na sauko. Amma a samu wanda zai riƙa tuƙa ka, hanyar nan manyan motoci sun yi yawa.

Makaniken Tarakta:
Alhaji, idan mai saye ya zo ka haɗa shi da yaron naka. Wanda ya sayi tarakta yana neman direban da ya san halinta, sai ka ga ya samu aikin damina a nan. Kuma tirelar kada ka yi gaggawa da ita, da kaka ake nemanta lokacin kwasar masara, a nan za ta fi kuɗi.

Dillalin Filaye:
Maganar tumaki, Baba, ka faɗa wa duk wanda zai nuna maka gida tun farko. Akwai rukunin gidaje masu geti da ba sa yarda da dabba ko kaza. A cire su daga lissafi tun yanzu, kada a ɓata maka lokaci.

Matashin Manomi:
Baba, hekta 7 ɗin nan, za a iya yanka ta biyu biyu? Mu uku ne muke haɗa kuɗi, duka ta fi ƙarfinmu.

Baba na Jengre:
Bari safiyo ya gama tukuna, ɗana. In ya fitar da taswira zan sa ta a nan, ku zo ku taka wurin da ƙafarku kafin a yi maganar kuɗi.